Daga Jimeta Zuwa Kumba, Kwana Ɗaya a Bayan Dada

Litinin: Jimeta zuwa Garwa

Ƙarfe huɗu da rabi na asubar Litinin muka kulle ƙofar gidanmu a Jimeta. Mu biyar ne: ni, da matata Dudu, da 'yarmu Mairamu mai shekara bakwai, da jaririyar da ke goye, da mahaifiyar Dudu, wadda kowa ke kira Dada. Tun ranar Lahadi aka ɗauko ta daga cikin garin Yola ta kwana wurinmu, don kada mu rasa fito na farko. Kayanmu akwati biyu ne, da tabarma uku, da buta, da ƙwaryar dakkere, irin furarmu, da Dada ta dama da hannunta.

Ga abin da ya tayar da mu. Ɗan farin Dada, Hamman, ya kora shanu kudu shekara ashirin da suka wuce, ya zauna a Kumba bai dawo ba. Lokacin da ya tafi, Kumba da Yola hukuma ɗaya ke riƙe da su, ba mai tambayar kowa takarda. Yanzu Kumba ta zama ƙasar Kamaru. Sai ga wasiƙa daga maƙwabcinsa cewa Hamman yana kwance, ƙafafu da ciki sun kumbura, kuma ba abin da yake nema sai ya ga mahaifiyarsa ta yafe masa. Dada ta ji wasiƙar har ƙarshe, ta ce a kai ta.

Hanyar mota ta kudu ba ta tsohuwa mai ciwon ƙugu ba ce. Amma bara waccan an buɗe layin dogo daga Ngaundare, don haka na ce jirgin ƙasa za mu bi, duk da cewa ba wanda ya taɓa shiga shi a gidanmu, har ni. Ni akawu ne a ofishin ayyuka, shekara goma sha ɗaya ina rubuta lokacin fitar mota da lokacin dawowarta, saboda haka na ɗauki shirin tafiyar a matsayin sana'ata. Mako uku muka yi muna jiran fasfo daga Maiduguri, hedikwatar jiharmu. A cikin makonnin nan kullum da yamma ina gidan Malam Yohanna, wani malamin makaranta mutumin Ganye, wanda ya iya Faransanci kuma ya taɓa shiga jirgin sau ɗaya. Yana faɗa ina rubutawa a littafi mai layi: mota biyu, jirgi uku da ɗan guntu na huɗu, canji a Yawunde, canji a Duwala, canji a Mbanga. Na sa kwana ɗaya na hutu a Yawunde, don tsohuwa ta miƙe ƙafa. Bisa lissafina za mu sauka Kumba ranar Asabar, ƙarfe goma sha biyu da minti talatin da biyar.

Na kuma kafa doka biyu, na karanta wa Dudu su sau biyu. Ta farko, ba mai rabuwa da wani, wuri ɗaya za mu zauna ko'ina. Ta biyu, in Allah ya kawo rabuwa, kowa ya zauna inda yake har in zo. Fasfo da tikiti da kuɗi duk suna aljihun cikin rigata.

Fito ya tashi shida da minti goma. Muka haye Binuwai, muka bi ta Damare da Girei a cikin wata Landirofa mai benci biyu a baya. Direban, wani ɗan Mubi, ya leƙo ya ce, "Malam, tsohuwa ya zo gaba mana, hanya ba kyau." Na ce a'a, inda nake nan take. Na zauna daidai gabanta, don in ga ko ta gaji.

Mun isa Belel goma sha ɗaya saura kwata, muka tsallaka shingen namu ba wata magana. A ɓangaren Kamaru wani jandarma ya buɗe fasfo huɗun, ya tambayi Dada da Fillanci sunan wanda za ta je gani. Dada ta dubi ƙasa. Ya sake tambaya. Dudu ta matso ta ce, "Hamman ne, yayana. Ɗan farinta ne." Jandarman ya yi murmushi ya buga hatimi, don shi ma Bafillace ne, ya san uwa ba ta kama sunan ɗan fari ko da a gaban hukuma.

Garwa ƙarfe huɗu da minti ashirin, mil ɗari da 'yan kai daga gida. Muka sauka gidan wani kawun Dudu kusa da kasuwa. Aka shiga da mata ciki, ni aka kawo mini tuwon dawa da miyar kuka a zaure. Na duba littafi, na ga mun riga lissafi da minti arba'in, na kwanta ina jin daɗin kaina.

Talata: Garwa zuwa Ngaundare

Motar safa ta cika takwas da rabi, ba bakwai ba kamar yadda aka gaya mini. Na biya mana kujeru huɗu a jere, ni a bakin hanya, Dada a taga. Tafiyar kilomita ɗari biyu da casa'in ce, don a can da kilomita suke awo. Shingen jandarma huɗu muka wuce, kowanne sai an sauke maza an duba takarda.

A wani ƙauye da rana aka tsaya salla da cin abinci. Na sayo burodi irin nasu mai tsawo, da tsire, da ayaba, na miƙa wa Dudu ta ba Dada. Dada ta ce Allah ya yi albarka, ba ta jin yunwa, motar ta cika mata ciki. Ni ma ban ci a nan ba, na zaga bayan wata rumfa na ci nawa, kamar yadda kowane mai tarbiyya zai yi in surukarsa na kusa. Na dawo na zauna wurina. Wannan abu ya isa ya tunasar da ni wani abu, amma hankalina yana kan agogo.

Wajen la'asar muka fara hawan dutsen da ke kafin Ngaundare. Motar tana nishi, direba yana cewa kowa ya yi salati. Da muka kai sama sai sanyi ya shigo, Dudu ta ciro mayafi ta ƙara wa Dada. Mun shiga gari bakwai saura minti biyar.

Kawun Dudu ya ba mu sunan wani gida da za mu sauka. Na tambaya, aka ce yana can ƙarshen gari, tasha kuma tana wannan ƙarshen. Jirgi zai tashi bakwai saura minti ashirin na safe. Na lissafa, na ga in muka kwana can ana iya makara, sai na ce a tasha za mu kwana, a babban ɗakin jira, mu duka wuri ɗaya. Dudu ta dube ni, ta dubi Dada. Na shimfiɗa tabarmata taku uku daga tasu, na jingina da akwati ina gadi. Ƙwaryar dakkere tana nan a rufe da faifai.

Laraba: Ngaundare zuwa Belabo

Na sayi tikiti har Yawunde, aji na biyu. Taragon benci biyu-biyu ne suna fuskantar juna. Na sa Dada da Dudu a ɗaya, ni da Mairamu a ɗayan, gwiwata saura kaɗan ta taɓa ta Dada. Jirgin ya motsa daidai minti. Mairamu ta yi ihu ta ce tasha tana gudu. Dada ta kama ƙarfen benci, ta karanta abin da ta karanta, sannan ta saki. Mai duba tikiti ya zo ya huda huɗun, ya ƙirga mu da yatsa, na mayar aljihu.

Ƙasar tana da kyau. Tuddai ne masu ciyawa, da garken jajayen shanu, sai can bayan Ngaundal itatuwa suka fara yin tsawo suna haɗe kai. A kowace tasha mata suna miƙo zuma da kindirmo da rogo dafaffe a ganye ta taga. Na yi ta rubuta lokacin isa da lokacin tashi.

Wajen goma sha biyu da rabi na ga kan Dada ya karkata ya faɗa kafaɗar Dudu. Leɓɓanta sun bushe sun yi fari. Dudu ta jiƙa bakin mayafi tana goga mata a fuska. Na ce, "Dada, ko jiri ne?" Ta buɗe ido ta ce, "Jam," wato lafiya lau da Fillanci, ta sake rufewa. Na fara lalube a jakata ina neman ƙwayar zazzaɓi.

A bencin da ke gefenmu akwai wani dattijo mai fataucin shanu, Alhaji Sali, wanda muka gaisa da shi tun safe. Ya taɓa ni ya ce in zo. Muka tsaya a bakin ƙofar tarago, ya yi mini magana da Fillanci ƙasa-ƙasa.

"Malam, tsohuwar nan mahaifiyarka ce?"

"Surukata ce."

"To. Tun daren jiya a tasha nake kallonka. Ka zauna mata a gaba ka kafa mata ido. Yaushe rabonta da abinci?"

Na tsaya ina lissafi, ni mai lissafi. Daren Litinin, a Garwa, cikin gida. Yau Laraba.

"Ko ruwa ba ta sha ba," in ji shi. "Ko bayan gida ba ta tashi ba. Kai ɗan Yola ne ko daga ina aka kawo ka? Ba ƙwaya take so ba. Ka ɓace mata."

Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa. Shekara tara ina auren 'yarta, ban taɓa ganin ta kai loma baki ba, ita ma ba ta taɓa ganin tawa ba. In na je gaishe ta, daga bakin ƙofa nake tsugunawa, takalmi a waje. Ba abin da ban sani ba a cikin wannan. Littafina ne kawai ba shi da layin da za a rubuta shi. Ita kuma Dudu tana tsakanin uwa da miji, ba ta iya ce wa wannan ka tashi, ba ta iya ce wa waccan ki ci.

Mun shiga Belabo biyu saura minti goma. Littafi ya ce a nan jirgi yana tsayawa minti talatin. Na ce wa Dudu, da murya yadda Dada za ta ji, zan sauka in yi salla, zan daɗe. Na ga komawa wani tarago bai isa ba, don za ta yi ta zaton yanzu zan leƙo. Na sauka, na bi ta gaban tagarsu a hankali don ta ga tafiyata, na wuce ofishin tasha, na zaga bayan wani tulin gungumen katako da ya fi ɗaki tsawo. Na yi alwala, na haɗa azahar da la'asar.

Ina sallamewa na ji usur. Na duba agogo, minti goma sha biyu kacal. Na ce wannan ba namu ba ne, na ci gaba da addu'a. Da na ji ƙarar ƙarfe na tashi na leƙa, tarago na ƙarshe yana wuce alamar tasha. Na bi shi da gudu riƙe da takalmi, har inda dandamali ya ƙare. Daga baya na gane cewa ranar da Malam Yohanna ya bi ta nan, jirginsu ya tsaya jiran wani mai ɗaukar katako ya wuce. Minti talatin ɗin na ranar ne kawai.

Na tsaya a wurin da fasfo huɗu da tikiti huɗu da kuɗin tafiya duka a aljihuna. Tsoro ya kama ni sosai, ban taɓa jin irinsa ba. Mace da goyo, da yarinya, da tsohuwa mara lafiya, za su sauka a birnin da ba su san kowa ba, ba takarda, ba Faransanci. Shugaban tasha ya saurare ni ta bakin wani mai tsire mutumin Marwa, ya ɗaga kafaɗa ya ce jirgin fasinja sai gobe war haka. Mai tsiren ya kai ni gidansa, ya ba ni tabarma. Abin da na riƙa rarrashin kaina da shi, doka ta biyu ce. Dudu ta ji ta sau biyu, za su zauna a tashar Yawunde.

Alhamis: Belabo zuwa Yawunde

Na yini a kan benci ina kallon katako. Jirgi ya zo biyu saura minti biyar, ya tsaya minti goma. Kilomita kusan ɗari uku ne zuwa Yawunde, daji baƙi ƙirin hagu da dama, ruwan sama yana sauka yana ɗaukewa. Mun isa takwas da kwata.

Na duba ɗakin jira benci-benci. Na duba wajen mata. Na fita na dawo. Ina tsaye a bakin ƙofa ban san inda zan sa kaina ba, sai wani mai shayi ya kira ni da Hausa.

"Kai ne ɗan Nijeriya mai agogo da littafi?"

Na ce ni ne.

"An ce zan gane ka, kuma ga shi. Mutanenka ya tafi Duwala tun safe, jirgin bakwai."

Ya zuba mini shayi ya ba ni labari. Bayan na sauka, Dada ta sha dakkere rabin ƙwarya, ta yi barci har Nanga Eboko. Mai duba tikiti bai dame su ba, shi ya huda tikitin da hannunsa. Alhaji Sali ya kai su gidan fatomansa, wato mai saukar da fatake, a unguwar Hausawa. Dudu ta ce mijinta ya ce a jira. Dada ta tambayi fatoman ko akwai jirgi da safe. Ya ce akwai. Ta faɗi sunan mahaifinta da na mijinta da zuriyar da suka fito, ta ce tana da mara lafiya a Kumba, mai shanu, ɗan Yola. Fatoman ya ce ya san shi, ya taɓa sauke shi. Ta kwance bakin zanenta ta ba shi abin da ya yanki tikiti. Ashe ta sayar da karsana kafin mu taso, ba wanda ta gaya wa. Ya haɗa su da wani ƙanensa mai kai goro Duwala.

"Tsohuwa ya bar maka saƙo," in ji mai shayi. "Ya ce a gaya wa baban Mairamu sun yi gaba, ya ci abinci."

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Na ce a raina, ga doka a fili an taka ta. Na kwana a gidan fatoman, matarsa ta aiko mini da shinkafa da miyar gyaɗa. Hutun da na tsara mana a Yawunde, ni kaɗai na yi shi, a Belabo.

Jumma'a: Yawunde zuwa Duwala

Jirgin bakwai na safe. Wannan layin tsoho ne, kwana-kwana cikin duwatsu, jirgi yana tafiya kamar mai tsoron faɗuwa. Kilomita ɗari uku da 'yan kai sai da suka ci awa tara. A Edeya muka haye wani babban kogi, aka miƙo soyayyen kifi da ayaba ta taga, faranka ɗari. Zafin Duwala daban ne da namu, mutum yana zaune rigarsa tana jiƙewa.

Wannan karon ban tsaya duba benci ba. Na tambayi unguwar Hausawa, na tambayi gidan da masu goron Yawunde ke sauka. Mai gidan ya ce sun kwana nan jiya. 'Yan sanda sun tare su a bakin tasha suna neman takarda, ya je da kansa ya tsaya musu, ya ce takardun suna hannun maigida, maigida yana jirgin baya. Da asubar yau ya haye da su gada, ya sa su a jirgin arewa tare da wata mata mai sauka Mbanga, ita za ta nuna musu ɗan jirgin Kumba.

"Yaya jikin tsohuwa?"

"Tsohuwa? Ita ta tashe mu da asuba."

Asabar: Duwala zuwa Kumba

Na tashi daga tashar ƙetaren gada takwas daidai. Gonakin ayaba da na kwakwar manja har iya ganin ido. Mbanga goma da rabi, kilomita sittin da biyar. Na sauka na jira awa ɗaya, na shiga ɗan jirgin Kumba mai tarago biyu, cike da mata 'yan kasuwa da kwanduna. A nan Faransanci ya ƙare, aka koma Turancin buroka irin na kasuwar Jimeta. Wata mata ta dube ni ta ce, "Na yu bi di man we tiren lif am?" Wato ko ni ne mutumin da jirgi ya tafi ya bari. Ashe jiya ta zauna kusa da Dudu, labarina ya riga ni.

Jirgin ya tsaya a Kumba na duba agogo. Goma sha biyu da minti talatin da biyar. Ban makara da minti ɗaya ba.

Na ɗauki tasi zuwa unguwar Hausawa. Tun daga bakin layi na hango tabarmi a ƙofar wani gida, da maza suna wanke ƙafa, jar ƙasa a jikin wandunansu. Na san daga inda suka dawo. Hamman ya cika bayan sallar asuba, an kai shi da hantsi.

Na zauna cikin masu karɓar gaisuwa. Da yamma Dudu ta fito bayan gida ta same ni, ta gaya mini yadda aka yi. Sun iso jiya bayan an sauko daga masallaci. Hamman yana cikin hankalinsa. Dada ba ta shiga tsakiyar ɗakin ba, ta zauna daga bakin ƙofa ta juya fuska wajen bango. Ta tambayi matarsa lafiyar yara, ta tambayi ruwan sama, ta tambayi ko ana samun nono a garin. Shi yana kwance yana kallon bayanta. Can ya ce, "Dada, na daɗe. Ki yafe mini."

Ta ce wa Dudu, "Ki gaya masa ba abin da ya yi mini. Na yafe duniya da lahira."

Dudu ta juya ta maimaita masa, alhali tsakaninsa da uwarsa bai fi taku biyu ba. Sannan Dada ta tashi ta shiga madafi, ta dama kunun gyaɗa irin na gida, ta ba matarsa ta kai masa. Ya sha ludayi uku, rabonsa da cin wani abu kwana huɗu. Ta zauna a bakin ƙofar har safe.

Na buɗe littafina a wurin, ban san me nake nema ba. Da ban sauka a Belabo ba, da na riƙe su a Yawunde ranar Alhamis suna hutawa, da mun iso tare yau, a kan lokaci. Na rufe shi na sa a aljihu. Baƙin ciki da kunya suka haɗu mini, na rasa wanda ya fi yawa.

Dada ta karɓi gaisuwa kwana bakwai a cikin gida. Mata suna kuka, ita tana ba su haƙuri. Ba wanda ya ga hawayenta, kuma ba wanda ya yi mamaki, ɗan fari ne.

Komawa

Ranar Asabar ta zagayo muka kamo hanya. A tashar Kumba na yanki tikiti huɗu, na ba Dudu uku tare da fasfonsu da rabin kuɗin. Na sa su a tarago na gaba, na koma na baya. Haka na yi a Mbanga, da Duwala, da Yawunde. In jirgi ya tsaya, Mairamu ce ke leƙowa ta taga ta ɗaga mini hannu, in ɗaga mata, shi ke nan. A Belabo ban sauka ba. A Ngaundare muka nemi gidan nan na ƙarshen gari muka kwana, mata a ciki, ni a zaure. A mota kuma na hau gaba wurin direba.

Sai a Garwa Dudu ta gaya mini. Ta ce tun da jirgi ya bar Mbanga, Dada ta juya fuska wajen taga ta rufe kai da mayafi, ta yi kuka har Duwala. Washegari ma haka, daga Duwala har Edeya. Ba kowa a taragon da ya san ta, ba wanda za ta ji kunya. Ni ban gani ba, kuma a duk tafiyar nan wannan ne abin da na iya yi mata daidai.

Mun haye Binuwai ranar Laraba da fito na ƙarshe, biyar da rabi. Muka wuce da Dada cikin garin Yola kafin magariba. Ina godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Ina godiya ga Malam Yohanna, wanda bai faɗa mini ko kalma ɗaya ta ƙarya ba, da kawun Dudu na Garwa, da Alhaji Sali da ya faɗa mini gaskiya a bakin ƙofar tarago, da mai tsiren Belabo, da masu masaukin Yawunde da Duwala da ban biya su da komai ba. Allah ya jiƙan Hamman.

Na sauke mata akwati a ƙofar ɗakinta, na cire takalmi, na tsuguna daga waje na yi mata ban gajiya. Ba ta dube ni ba. Ta ce wa Dudu, "Ki gaya wa baban Mairamu Allah ya yi masa albarka. Ki ce masa shi ya kai ni."

Dudu ta juyo ta maimaita mini. Na ce amin, na ɗauki takalmina na fita.